Baƙuwar da Baffa Ya Sauke a Cikin Amya

Kurmin gidanmu yana bayan ƙauyenmu, can gaba da Balan, inda ƙasa take gangarawa zuwa fadama. Kada wani ya ɗauka irin dajin da ake nunawa a talabijin ne. In ka shiga ta gabas da rake a hannunka, kafin ka shanye shi ka fita ta yamma. Amma itatuwansa manya ne, tsamiya da kanya da ɗorawa, da wani ɓaure da ya girmi duk wani mai rai a garin. Da kakanmu ya rasu an raba gonaki, aka bar kurmin ba a taɓa ba, saboda a nan Baffa, ƙanin mahaifina, yake rataye amyoyinsa. Wanda bai san amya ba, wani dogon kwando ne na ciyawa da ake shafewa da kashin shanu, a yi masa turare, a ɗaure a reshe, ƙudan zuma su zo su tare a ciki. Baffa bai iya wata sana'a ba bayan wannan. Noma ma sama-sama yake yinsa, don dai kada a ce ba ya yi.

Muddin mahaifina yana raye, babu wanda ya isa ya ce a sare ko reshe ɗaya. Da ya rasu, ba a jima ba bakuna suka buɗe, kuma yayana ne a gaba. Ni da shi ba ma shan inuwa ɗaya tun muna yara, amma ba zan yi masa sharri ba, yana da gaskiyarsa. Gida ya cika da yara. Gonakin da aka raba aka sake rabawa sun koma kamar tabarmi. Ga matar ƙaninmu marigayi da marayunta, ba su da inda za su jefa iri. Ga masu gawayi suna ta zarya a kan babur, su tsaya a bakin kurmin suna ƙare wa itatuwa kallo. Magana ɗaya ce a bakin kowa: a raba, a sare, a noma.

Ni a lokacin ina koyar da kimiyya a wata makarantar 'yan mata a Gaya. A shekarar ne wata ƙungiya mai aikin kare 'yan dazuzzukan da suka rage ta zo neman malamai da za su taimaka mata, na ba da sunana, aka kai mu Kano aka koya mana aiki da wata na'ura mai naɗar sauti. Na'urar 'yar ƙarama ce, ba ta fi sabulun wanki ba, da ɗan rami a gabanta inda sauti yake shiga. Ana ɗaure ta a jikin bishiya a tafi a bar ta wata da watanni. Ita da kanta take farkawa lokaci-lokaci, ta naɗi duk abin da yake kuka a wurin, ta koma barci. In an ɗauko ta sai a zare memorin a ba kwamfuta. Babu ɗan Adam ɗin da zai zauna ya saurari damina guda, amma kwamfuta tana iyawa. Ita za ta tsince kukan tsuntsaye da na kwaɗi da na ƙwari, ta ware su daga ƙarar inji da ta babur, ta ce wannan wurin da rai a cikinsa, wancan kuwa ya fara mutuwa. Wuraren da suka fi rai, ƙungiyar za ta yi yarjejeniya da masu su: a bar itatuwa a tsaye, su kuma a haƙa musu rijiyar burtsatse su yi noman rani a gonakin da suke da su.

Ina zaune a ajin nan, ni da nake koya wa yara natsuwa, na kasa natsuwa. Na san abin da yake cikin kurminmu. Da kukan cilakowa da na ragon maza na tashi, da makwarwa da take tashi fir daga ƙarƙashin ƙafarka har sai gabanka ya faɗi. Na ce a raina, in dai kunne ne zai yi shaida, to mun ci.

Ranar Juma'a bayan an sauko, na kai maganar zauren gidanmu. Mace ba ta cika sa baki a irin wannan zama ba, amma ni an san ni, an ma gaji da hana ni. Na yi bayani dalla-dalla. Yaya ya bari sai da na gama, sannan ya gyara zaman hularsa.

"To Malama, yanzu rediyo ce za ta raba mana gado?"

"Ba rediyo ba ce, Yaya. Kuma ko rediyon ce, ai ta fi wasu saurare."

Aka yi dariya, shi bai yi ba. Gwaggo, babbar yayarsu mahaifina, wadda take zaune daga ciki bakin ƙofa, ita ta yanke. Ta ce a ba ni damina ɗaya. In mutanen nan sun ɗauki kurmin, shi ke nan, a bar shi. In ba su ɗauka ba, ana gama girbi a raba, kuma kada ta sake jin bakina. Kowa ya ce ya yarda. Baffa kuwa sai murza carbinsa yake yi yana kallon ƙasa.

A ƙarshen bazara muka je ɗaure ta, ana wani irin zafi mai sa mutum ya tsani kowa. Baffa ya haura sittin, amma in ya cire takalmi ya kama bishiya sai ka rantse saurayi ne. Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Ya karɓi na'urar ya juya ta a tafin hannunsa.

"Uwata, wannan 'yar abar ce za ta yi mana shaida?"

"Ita ce, Baffa."

"To baƙuwa ce. Mun karɓe ta hannu biyu."

Ya hau kanya, ina ƙasa ina nuna masa inda zai ɗaure, fuskarta tana kallon fadama. Na ce masa kada a taɓa ta. Na ce ruwa ba ya yi mata komai, don haka aka yi ta. Na ce kada a rufe ta da komai. Na faɗa, na maimaita, har ya leƙo ta cikin ganye ya ce, "Uwata, na ji. Ni ba ɗalibinki ba ne." Daga nan na wuce wajen Ajingi na ɗaura sauran da aka ba ni a wasu wurare, waɗanda a idona ko kusa ba su kama ƙafar namu ba.

Daminar ta yi kyau. Fadama ta cika ta yanke hanyar kurmin, sai mai iya tattare wando ya ratsa. Dama an gargaɗe mu kada mu riƙa zarya kusa da na'urorin, don haka ban damu ba. Duk zuwan da na yi gida, Baffa zai tare ni da fara'a.

"Baƙuwarki tana nan lafiya lau. Ko ɗigon ruwa bai taɓa ta ba."

Sai in yi dariya, na ɗauka barkwancinsa ne. Wata magariba na tsaya a bakin fadamar, kwaɗi suna ta yi, har sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. Daga cikin kurmin kuma tsuntsaye suna rigimar wurin kwana. Daɗi ya kama ni. Na ce a raina, naɗi, 'yar nan, naɗi, kada ki bar ko ɗaya.

Da aka fara yankan gero na aika cewa ina zuwa ɗauka. Na tarar da Baffa a zaure yana jirana, na'urar a naɗe cikin farin ƙyalle. Ya ce ya hutar da ni ratsa ruwa. An goge ta tas, sai ƙyalli take yi, tana ɗan ƙanshin hayaƙi. Hannunsa na dama ya kumbura suntum. Na tambaya, ya ce ma'aikatansa ne suka gaishe shi. Mai zuma da kumburin hannu ba abin mamaki ba ne, ban sake bi ta kai ba. Na haɗa ta da na Ajingi na kai Kano.

Ina ɗakin malamai lokacin hutun tara aka kira ni. Shugabar aikin ce, wata dakta mai sanyin murya. Ta ce wuraren Ajingi biyu sun shiga. Na ce alhamdulillahi, ina jiran sauran. Sai ta ce:

"Malama, na gidanku bai shiga ba. Can ƙasa kwamfuta ta sa shi. Ta ce kusan duk daminar babu abin da ake ji sai ƙarar inji, dare da rana."

"Inji? A kurminmu? Dakta, garin da ko niƙa sai an kai Balan?"

Wallahi ban san na ɗaga murya ba sai da na ga malamai sun juyo. Na ce kwamfutar nan ta yi ƙarya, ko kuma an musanya memori. Ta ce in zo in ji da kunnena. Washegari na nemi izini na hau motar Kano, ban ko karya ba.

A ofishin ta zaunar da ni gaban kwamfuta ta sa mini iyafis a kunne. Ta fara da kwanakin farko. Kai! Kamar an ɗauke ni an ajiye ƙarƙashin kanyar. Ga kurciya, ga cilakowa, ga wasu ma da ban san sunansu ba, kowa yana ta nasa. Na ce, "To kin ji!" Ta ce in dakata. Ta matsa gaba kaɗan, zuwa bayan ruwan farko. Nan take komai ya dushe, kamar mutum ya tura kansa cikin tulu. Tsuntsayen suna nan, amma can nesa, da ƙyar. Ta ƙara matsawa. Sai wani gunji mai kauri ya taso, ba ya hawa, ba ya sauka, ya rufe komai ruf. Ta yi tsalle zuwa tsakiyar damina, shi ne. Ta je ƙarshe, shi ne, ya ma ƙara ƙarfi.

Na san wannan ƙarar kamar yadda na san tarin mahaifiyata daga bayan katanga. Na cire iyafis ɗin na ce, "Dakta, wannan ba inji ba ne. Zuma ce. A cikin amya aka sa ta."

Ta dube ni, ta dubi allon, ta dafe kai. Ta ce ita ma abin ya ɗaure mata kai, don wane inji ne a ƙasar nan zai yi damina guda mai bai ƙare masa ba? An koya wa kwamfutar cewa duk wani gunji mai kauri da ba ya yankewa inji ne. Babu wanda ya taɓa koya mata yadda cikin amya yake, saboda babu wanda ya taɓa tunanin za a sa na'ura a can.

Na roƙe ta. Ni da ban iya roƙo ba, ranar na roƙa. Na ce ta zo ta gani da idonta, tafiyar ba ta da nisa. Na ce ga kwanakin farko nan, ai ta ji. Ta ce ta ji, kuma ta yarda da ni ɗari bisa ɗari, amma 'yan kwanakin bazara ba za a gwada su da damina guda ta wasu wurare ba. An kafa ƙa'idar ne tun farko don kada a ce an yi wa wani alfarma. "Kuma ke kin sani kurmin gidanku ne. In na sa shi da hannuna, me mutanen da aka bari za su ce?" Na ce to a sake ɗaurawa yanzu. Ta ce damina ta wuce, kwaɗi sun yi shiru, rabin tsuntsayen sun tafi. Sai baɗi, in an sami yadda ake so.

Baɗi. Ni da aka ba damina ɗaya.

A motar dawowa babu abin da ban shirya wa Baffa ba. Tun daga Wudil nake tsara masa magana, in gyara, in ƙara gishiri. Ban ce kada a taɓa ba? Da wane yare zan faɗa? Raina ya ɓaci irin ɓacin da har haƙorana suke ciwo. Amma da muka iso Gaya sai na wuce ɗakina na rufe ƙofa, na ƙi zuwa ƙauyen. Yaya ya kira ya tambaya, na ce masa ba a zaɓe mu ba, na kashe wayar. Ban faɗa masa dalili ba. Ban faɗa wa kowa ba.

Magana kuwa in ta bi bakin mutane ba ta isa yadda ta tashi. Kafin ta kai kunnen Baffa ta zama cewa kwamfuta ta saurara ta ce babu komai a kurmin, fanko ne. Mahaifiyata ce ta aiko mini cewa in zo, Baffanku ba ya cin abinci.

Da safe na same shi a kurmin, ruwan fadama ya ja baya. Yana zaune a kan saiwar ɓaure, ya ajiye hularsa a gwiwa. Na durƙusa na gaishe shi. Bai ce mini baƙuwa ba, bai yi barkwanci ba. Ya ɗaga yatsa ya ce in yi shiru. Can sama wani ragon maza yana ta zuba kukansa.

"Uwata, kina jin wannan?"

"Ina ji, Baffa."

"Tsakaninki da Allah kina ji? Ba don ki faranta mini ba?"

"Wallahi ina ji."

Ya sauke ajiyar zuciya. Ya ce tun da labarin ya zo yake zuwa nan kullum ya zauna. Yana jin tsuntsayen, amma sai ya ce ko tsufa ne. An ce tsoho yakan ji abin da ya saba ji ko da babu shi. Ya ce wataƙila kurmin ya daɗe da mutuwa, shi kaɗai ne bai sani ba, yana ta tare wa marayu ƙasa a kan abin da yake cikin kansa kawai.

Duk maganar da na tsara a mota ta gudu. Na zo da niyyar in bar shi a kan cewa ba a zaɓe mu ba, shi ke nan, ƙaddara ce. Amma ga shi a gabana yana zargin kunnensa da hankalinsa. In na yi shiru, na bar shi yana ganin ya haukace. In na faɗa, na ɗora masa kurmin gaba ɗaya a ka. Ban taɓa jin tsoron buɗe baki irin na ranar ba.

Shi ya raba mini gardama. Ya ce, "Abin da ta ji ɗin, ana iya jinsa? Ina so in ji yadda babu komai yake."

Dama Dakta ta tura mini wani yanki a waya. Na sa masa iyafis, na kunna daga tsakiyar damina. Ya sunkuyar da kai. Sai na ga fuskarsa ta saki, murmushi ya fito, irin wanda rabona da gani tun kafin rasuwar mahaifina.

"A'a! Ai waɗannan nawa ne. Ji su, ji yadda suka cika gida. Masha Allah."

Ya ci gaba da saurare yana gyaɗa kai. Ina kallonsa murmushin ya tsaya, ya daɗe a tsaye, sannan ya tafi. Ya zare iyafis ɗin a hankali.

"Duka haka ne?"

"Bayan ruwan farko, duka haka ne, Baffa."

"Tsuntsayen fa?"

"Ba ta ji su ba. Ƙarar zumar ta rufe su. Kwamfutar kuma ta ɗauka inji ne."

Da ya fara magana, ba ni yake kallo ba. Ya ce ranar ruwan farko hadari ya haɗo baƙi ƙirin, da iska mai karya reshe. Ya tsaya ƙarƙashin kanyar yana kallon 'yar abar nan a fili, tsirara, ba ta da ko ganye a kanta. Ya san na ce ruwa ba ya yi mata komai, amma shi bai taɓa ganin abu mai batir da ya sha ruwa ya rayu ba. Rediyonsa yayyafi kawai ta sha ta mutu. Kuma kayan mutane ne, amana ce a hannuna, ni kuma na bar masa. In ta lalace, da wane ido zai dube ni? Ga masu gawayi suna yawo, ido a sama. Yana da sabuwar amya a reshen gaba, ya riga ya shafe ta ya yi mata turare, babu kowa a ciki. Ya ce a duniya bai san wurin da ya fi cikin amya tsaro ba, ruwa ba ya shiga, ɓarawo ba ya kusanta. Ya sa ta, ya juya fuskarta wajen 'yan ƙofofin don ta riƙa ji. Bayan 'yan kwanaki ya ga zuma ta tare. Ya ce har murna ya yi, ya ce baƙuwar tana da goshi, ga ta kuma ta sami masu gadi.

"Da za ki zo ɗauka, sai da na fasa musu gida na ciro ta. Saƙar ma ba ta nuna ba."

Na so in ce wani abu. Na so in ce ba komai, amma ƙarya ce, kuma ya san ƙarya ce. Hawaye kawai nake yi, ina jin haushinsa, ina jin tausayinsa, ban san wanne ya fi ba. Ya sa hularsa ya ce, "Ashe ni ne." Ya tashi ya kama hanyar gida, na biyo shi a baya.

Na roƙe shi kada ya faɗa wa kowa. Na ce babu amfani, ya bar ni da mutanen gida.

Da aka gama girbi aka taru a zaure, har da mai unguwa da liman. Yaya ya fara, cikin ladabi, ya ce an yi alkawari, an jira, na'ura ta saurara ta ce babu komai. Sai Baffa ya miƙe. Mutumin da ba ya magana a taro. Ya ce na'ura ba ta ce babu komai ba, shi ne ya toshe mata kunne. Ya ba da labarin tun daga hadari har zuwa fasa amya, bai rage komai ba, a gaban 'ya'yansa da 'ya'yan 'yan'uwansa. Wani daga baya ya fashe da dariya, aka harare shi, ya haɗiye. Wannan dariyar har yau in na tuna ta sai raina ya ɓaci. Baffa ya ce laifin nasa ne, ba na kurmi ba, kada a hukunta itace da laifin mutum. Ya roƙi a ƙara damina ɗaya.

Na dubi Yaya, na ga shi ma abin ya taɓa shi, don ya kasa ɗaga kai. Da ya yi magana muryarsa ƙasa-ƙasa ce.

"Baffa, Allah ya sani ba na son in musa maka. Amma ko an ƙara, Malama, kina da tabbacin mutanen ƙungiyar za su dawo baɗi?"

Kowa ya juyo gare ni. Da na iya ƙarya, da ranar na yi ta. Na ce ba ni da tabbaci.

Gwaggo ta yi gyaran murya daga bakin ƙofa. Ta kira Baffa da sunan da take kiransa tun yana goye, ta ce ta ji, kuma babu wanda zai ce bai riƙe amana ba. Amma ita ta yanke damina ɗaya da bakinta, marayu sun ji, sun jira. Ba za ta sake ce musu su jira a kan wataƙila ba. Liman ya yi addu'a aka shafa.

An bar wa Baffa lokaci ya sauke amyoyinsa. 'Ya'yansa ma suna cikin masu jiran ƙasa, don haka rabonsa bai riƙe ba, ya ce su raba. Nawa rabon, na mace a cikin 'ya'ya da yawa, bai wuce inuwar tsamiya ɗaya ba. Na ce a bar mini ita a tsaye, Yaya ya ce an bar miki, Malama, bai ko yi gardama ba.

Kafin masu injin yanka itace su zo na koma Kano na ari na'urar. Dakta ba ta tambaye ni dalili ba. Ba don wani zaɓe ba ne, wannan ya wuce. Ina so ne kawai a ce akwai inda aka ajiye muryar wurin. Na kawo ta na miƙa wa Baffa. Ya hau kanyar, a hankali wannan karon, ya ɗaure ta a fili, ya janye hannunsa.

"Haka?"

"Haka, Baffa."

Ta yi 'yan kwanakinta ta naɗi abin da ya rage. Babu kwaɗi, kaka ta yi nisa, amma tsuntsayen gida suna nan, kuma sun fito tar, kamar ka miƙa hannu ka taɓa su. Ranar da aka fara sara ban je ba. Ina aji ina koyar da yara yadda tsiro yake shan ruwa, ina yi musu tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Yanzu wurin gonaki ne, an bar ɗorawa nan da can kamar kowace gona. Gero yana yi sosai, ƙasar sabuwa ce. Matar ƙaninmu ta cika rumbunta a shekarar farko, ta aiko mini da dami, na karɓa na gode, don ba ta yi mini laifin komai ba. Baffa ya jingine amyoyinsa a bayan ɗaki. An yi masa tayin itatuwa a wajen Ajingi, a ɗaya daga wuraren da aka zaɓa, ya ce ƙafarsa ba ta hawa yanzu.

Da rani na je gaishe shi. Yana zaune a zaure da hantsi, ba ya yin komai. Muka gaisa, muka yi hirar gida. Na ciro wayata na ce masa naɗin nan na ƙarshe yana ciki, ya fito da kyau ƙwarai, tsuntsayen duk suna nan. Na warware iyafis na miƙa masa.

Ya dubi abin a hannuna, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya kama yatsuna ya rufe su a kai, ya tura mini hannuna.

"Bar shi, Uwata. In na ji su, ƙafata za ta ɗauke ni ta kai ni can. Kuma babu can ɗin."